Kwalbar Iri Ta Raba Ni da Kiran Sallah

Zuwa ga Manajan masana'antar sukari,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ranka ya daɗe, ni ne Ɗanjuma, mutumin unguwar Nima, mai tsaron tukunyar dafa ruwan rake. Na yi ta sintiri ƙofar ofishinka, akawu yana cewa in dawo gobe. Goben ta ƙi zuwa, shi ya sa na fito da maganar a fili.

Na farko. A da, in ruwan rake ya yi kauri, busasshen garin sukari muke watsawa a tukunya don ƙwayar sukari ta kama. Sabon injiniya ya zo da lissafinsa na yawan ƙwayar da za ta fito da saurin girmanta, ya ce garin nan ba ya bin lissafi, wata ƙwayar ta fito kamar tsakuwa, wata kamar gari. Sai ya kawo kwalba, niƙaƙƙen sukari cikin wani ruwa mai warin giya da ake kira sifirit, ya ce wannan shi ne iri. Gaskiya sukari ya fito bai ɗaya, gwanin kyau. Amma hannun wa ke zubawa? Nawa. Rigar wa ke kwasar warin? Tawa.

Na biyu. Ranar hutu na taso daga masana'anta, na sauko daga motar haya ta trotro a tashar Circle, ban canja riga ba na zarce masallacin unguwarmu, inda nake ladanci tun kafin samun 'yancin kai. Ina shiga sahu, na kusa da ni ya ja hanci. Kafin la'asar Nima ta yanke hukunci, wai Ladan yana shan giyar akpeteshi. Ni! Ni da ko hanyar gidan giya ba na bi! Liman, mutumin kirki, ya ja ni gefe, ya ce in huta da kiran sallah sai gaskiya ta bayyana. Na rantse cewa warin ruwan da muke zubawa a tukunya ne, kuma ruwan nan ba na sha ba ne, zafin tukunya ma korar sa yake yi. Garin neman gira na rasa ido, yanzu cewa ake muna zuba giya a sukari. Matata Hajara mai sayar da koko, ƙawayenta ma cewa suke kada ta sa musu sukari. Wallahi abin yana ci mini rai.

Na uku. Injiniyanka ne ya koya mini cewa in ruwa ya yi kauri aka ƙi sa iri a kan lokaci, ƙwayar banza ce ke ɓullowa da kanta, ta cika tukunya. To, shirunka ya yi mana haka a Nima, ƙwayar tsegumi ta cika unguwa.

Ba ƙarin albashi nake nema ba. Ina roƙo ka bar Liman ya zo ya ga tukunyar da idonsa, ko ka turo injiniya ya yi wa dattawa bayani, tunda bakina ya daina tasiri. Ka kuma ba mu rigar aiki da wurin wanka.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare ka da zargi. Azumi ya ƙarato, ranka ya daɗe. In ba ka motsa ba, wani ne zai kira sallar shan ruwa, ni kuwa ina can ƙarshen sahu, mutane na matsawa daga kusa da ni.

Wassalam.
Ɗanjuma Ladan, Nima