Layin Goggo da Nawa

Litinin, 4 ga Mayu

Jam'iyya ta fitar da sanarwa: zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa ranar 16 ga wata. Ba akwati, ba dangwala yatsa a ɓoye. Ƙato bayan ƙato za a yi, wato a kafa hoton kowane ɗan takara a filin mazaɓa, kowa ya tsaya bayan wanda yake so, a bi layi a ƙirga kawuna. Na karanta sanarwar na sake karantawa ko zan ga wata kafa. Babu.

Goggo sai murna. Wai wannan karon ƙatuwa bayan ƙatuwa za a yi. 'Yan takara biyu suka rage, Alƙaliya da Injiniya, kuma tunda aka kafa jam'iyyar mace ba ta taɓa kaiwa nan ba. (Na bincika, gaskiya ne.)

Ina da katin jam'iyya. Ba ni na nema ba. Goggo ce ta yanko min shekarar da na shiga jami'a, ta haɗa min shi da bokiti da fitila.

Laraba, 6 ga Mayu

Ban cika wata ba da fara aiki a ɗakin gwajin ruwa. Yau samfurin famfon bayan unguwarmu ya zo hannuna. Ƙwayoyin cuta sun cika farantin gwajin. Na ɗauka ni na ɓata gwajin, na sake. Haka dai. Madam, shugabarmu, ta leƙo ta bayana ta ce ba ni ba ce, bututun ne ya fashe a gefen kwata, kuma ba yau aka fara ba. Ta ce ni ko gishiri zan sa a miya sai na auna sau biyu.

A gida ba wurin aje ƙafa. Ɗankwalaye masu hoton Alƙaliya a kan kujera, a kan gado, har kan firij. Goggo ce shugabar matan mazaɓa, ita ta karɓi ɗinkin bakinsu, kuma keken ɗinkin nata na ƙafa ne. Gwiwar hagu ta kumbura kamar ƙwallo. Ina shafa mata man zafi ta kira ni da sunan da ta laƙaba min tun da na gama jami'a, ta ce, "Digiri, ranar nan ke ce sandata. A kafaɗarki zan tsaya."

Na ce to. Me zan ce? Ita ta riƙe ni tun rasuwar Baba, wannan keken ne ya kai ni jami'a.

Asabar, 9 ga Mayu

Muhawara a talabijin. Matan unguwa sun cika falo, wasu a ƙasa. Alƙaliya ta iya magana, ba hayaniya, ba nuna yatsa. Da ta zo kan mutanen da ke tsare shekara da shekaru ba a kai su gaban kotu ba, sai da na matso kusa da talabijin ɗin.

Sai tambayar ruwa. Ta ce kashi saba'in cikin ɗari na gidaje suna samun ruwa mai tsabta, aikin da ya rage kaɗan ne. Ba haka ba ne. Saba'in ɗin masu famfo ko rijiya kusa da gida ne. Waɗanda ruwansu ya ci gwaji kashi arba'in da ɗaya ne. Injiniya ya faɗi daidai, ya kawo maganar tsofaffin bututu da ke bin gefen kwata, kamar ya ga farantina na ranar Laraba.

Amma da aka tambaye shi mata nawa zai sa a gwamnatinsa, dariya ya yi, wai iyayenmu mata ai ba za a bar su su wahala ba. Falon ya ɗauki tsaki. Har da nawa, a ciki-ciki.

Goggo ta juyo ta ce, "Digiri, ya kika gani?" Na ce duk sun yi ƙoƙari. Na tashi ɗora ruwan shayi.

Lahadi, 10 ga Mayu

Na sake duba rahoton gwajin ruwa na ƙasa. Arba'in da ɗaya ne.

Talata, 12 ga Mayu

Na ɗauka abin a fili yake, mai son mace ta bi mace, mai duba aiki ta bi Injiniya. Ashe ba haka ba.

Madam bayan Alƙaliya za ta tsaya, kuma ta ce ba don mace ba ce. Wai ta yi aiki ƙarƙashin macen da ta sa ta kuka a banɗaki kullum, don haka zancen "tamu ce" ba ya cin ta. Shari'ar filin mahaifinta ce ta taɓa zuwa gaban Alƙaliya, ɗaya ɓangaren masu ƙarfi ne, matar ba ta ko ɗaga kai ta kalle su ba. Na kawo maganar saba'in. Madam ta ce lamba ana koya wa mutum, hali ne ba a koyarwa. Na ce wanda ya ɗauka aikin ya kusa ƙarewa ba zai sa shi a gaba ba. Ta ce wannan ma magana ce. Ban san ina da bakin mayar wa Madam magana ba.

Da yamma wajen mai kitson layinmu. Ita kuma Injiniya za ta bi, alhali ɗankwalin Alƙaliya ne a kanta. Tana ja min gashi tana cewa ita fa tana son matar har ranta, amma mazan ƙasar nan ba za su zaɓe ta a babban zaɓe ba, gara a tsayar da wanda zai ci. Na ce ai mu mata mun fi rabin masu rajista, kashi hamsin da biyu. Ta ce, "Rabin nan har da irina, ki daina lissafa mu duka."

Abin ya dame ni. Layi ɗaya zan tsaya da ita, kuma mai kallo ba zai san dalilinmu ya bambanta ba.

Na rubuta "zan tsaya". Ashe dai na yanke.

Laraba, 13 ga Mayu

Na biya ofishin mazaɓa na tambayi sakatare ko mai rakiyar mara lafiya zai iya tsayawa a layi ba a ƙirga shi ba. Ya ce a'a, duk mai kati da aka samu cikin layi ƙuri'a ne. Kujera fa? Ya ce wanda ke zaune ba ya cikin layi, haka dokar take, ba shi ya rubuta ba.

Ke nan in na riƙe Goggo, na zaɓi Alƙaliya. In na bi Injiniya, na bar ta a rana da ƙafa ɗaya.

A hanya na ji wani sauƙi, kuma sauƙin ne ya ba ni kunya. Sai in riƙe ta, in ce wa kaina gwiwa ce ta sa. Ba wanda zai sani. Ƙuri'a ɗaya cikin miliyoyi, na san lissafin sarai. To me ya sa na kasa cin abinci?

Alhamis, 14 ga Mayu

Na faɗa wa Goggo.

Tana kan keke. Na tsara maganar tun a mota, da na buɗe baki duk ta watse, sai lambobi suka fito. Ba ta daina taka keken ba sai da ta kai ƙarshen layin ɗinki, ta ciji zaren.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce tun ban san hannun damana ba take jera kujeru a taron jam'iyyar nan. Su share fili, su dafa, in manya sun iso a tura su baya wajen wanke kwanuka, sai lokacin tafi ya yi a kira su. Ta tafa wa maza iri-iri, har wanda bai san sunan unguwar da yake tsaye a ciki ba.

"Duk a cikinsu wa aka taɓa tsarewa da kashi kaza cikin ɗari? Sai yau da tamu ta fito?"

Abin da na iya cewa shi ne yaran bayan layi da ake ta kaiwa asibiti da gudawa daga famfon nan suke sha, kuma ni na ga abin da ke ciki da idona.

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Na ɗauko man zafi, ta karɓa ta ce za ta shafa da kanta.

Juma'a, 15 ga Mayu

Gaisuwa kawai. Na ce ko in yi wa wata cikin matan magana ta riƙe ta gobe. Ta ce kar in kuskura, ba za a ji a bakinta cewa shugabar mata ta kasa jan 'yar cikin gidanta ba, gobe kowa ya gani da idonsa ya isa.

Na goge mata kayan da za ta sa. Ta bar su inda na aje.

Asabar, 16 ga Mayu

Filin makarantar firamare. Hotuna biyu a jikin allunan da aka fito da su daga aji, an ja igiya a tsakani. Na zaci za a raba layukan nesa da juna, ashe filin ƙarami ne, igiyar kaɗai ta raba.

Tare muka zo a mota ɗaya. A bakin ƙofa matanta suka yanyame ta, wata ta miƙo min ɗankwali. Na ce na gode, ban karɓa ba. Na tsallaka ɗaya gefen. Na ji wata ta ce, "Ba 'yar shugaba ba ce waccan?" Ban waiwaya ba. Mai kitso tana can gaba a layin Injiniya, ta rufe rabin fuska da mayafi.

Layinmu akwai mata fiye da yadda na zata, layinsu akwai maza fiye da yadda na zata. Har da tsohon mai gyaran rediyo, da ɗankwalin a wuya.

Masu ƙirga suka makara. Rana ta buɗe. Ina hango Goggo a layinsu, a ɗan bayana, ta hana kowa taɓa ta, tana ba da umarni, amma duk nauyinta a ƙafar dama, leɓenta ya bushe. Sai na ce wa na bayana ya wuce gaba. Na bayansa ma haka. Ina ta ja da baya, mutane na kallona kamar mai taɓin hankali, har na zo daidai ita. Igiya a tsakaninmu. Na matsa jikin igiyar na tsaya.

Ta kalli gaba kamar ba ta gan ni ba. Can sai na ji hannu a kafaɗata, da nauyinta duka.

Ta ɗaga murya yadda layi biyu za su ji: "Ku gan ta nan. Na kai ta jami'a ta koyo auna ruwa, ta dawo tana auna ni." Aka kwashe da dariya, har 'yan layinmu. Wata ta ce a janyo ni ciki mana. Goggo ta ce a bar ni, sanda ba ta da jam'iyya.

Da mai ƙirga ya iso sai ya tsaya, ya kalli hannun, ya kalli igiyar. Wakilan 'yan takara biyu suka matso. Ya ce wannan ta wane layi ce? Ina jira Goggo ta amsa, kamar yadda take amsa min komai tun ina ƙarama. Ba ta amsa ba. Ta ɗan matse min kafaɗa.

Na ce, "Injiniya." Bai ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi, har muryata ta fashe.

Ya ƙirga ni. Ya zagaya ya ƙirga ta.

A mazaɓarmu Alƙaliya 214, Injiniya 187. Na bi ƙirgar da kaina a zuci, ta yi daidai. A mota Goggo ta yi barci a kafaɗar da ta riga ta gama kashewa.

Lahadi, 17 ga Mayu

Ta miƙo min man zafi ba tare da ta kalle ni ba. Wai hannunta ba ya kaiwa bayan gwiwa.

Talata, 19 ga Mayu

An gama tattarawa. Alƙaliya ce 'yar takara, da kashi hamsin da uku.

Muna karyawa aka faɗa a rediyo. Abin da zan rubuta shi ne abin da ya faru: kafin Goggo ta lalubo bango ta miƙe, ni ina tsaye, shayi ya zube a siket ɗin aikina. Ban san lokacin da murna ta ɗaga ni ba. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta buɗe baki, sai ta fasa. Na gode mata da wannan.

Ban yi nadamar inda na tsaya ba. Da za a sake gobe, nan zan koma. Arba'in da ɗaya ne, ko wa ya ci.

Ina canza siket ta ɗago murya daga falo, wai ranar Alhamis akwai taron matan mazaɓa, mutanen Alƙaliya za su zo jin koke. In zo in yi musu bayanin famfon bayan layi, da saba'in ɗin nan da ta hana ni barci. Na ce ni da na tsaya a wancan layin? Ta ce shi ya sa, su duk tafi suka iya, a samu mai gyara wa Alƙaliya lissafi tun kafin 'yan adawa su gyara mata.

Na ce zan duba ko Madam za ta bar ni in tashi da wuri.

Na riga na tambaye ta. Ta ce in je.