Kaɗan Zan Ɗiba, Gobe Ki Huta

Mangalore,
9 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata, Appachan,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar nan taka, yaya itatuwan roba? Ina fata ruwan bana bai hana ka tsaga su ka tatsi madararsu ba. Ni lafiyata ƙalau, sai kewar rogo da kifin gida, don a nan shinkafa ake ba mu da wani ruwa wanda mai dafa shi ne kaɗai ya yarda miya ce.

Na san za ka yi mamakin samun wasiƙar nan a shagon Kunjumon mai sayen roba. Da gangan na yi. In ka gama karantawa ka cusa ta a ɗakin hayaƙin da kake busar da roba, don nan ne kawai mahaifiyata Ammachi ba ta shiga.

Appachan, suma nake yi in na ga allura ta shiga fatar mutum.

Wata biyu muka yi muna koyon yin allura a jikin lemo, kuma ni ce ta ɗaya a aji. Malamarmu Sista Filomina, wata gajeruwar mai zaman zuhudu da ba wanda ya taɓa ganin haƙoranta, har ɗaga lemona ta yi ta nuna wa sauran. To amma dokar makarantar jinyar nan ita ce, kafin ki taɓa majinyaci sai kin yi wa abokiyar zamanki allurar ruwa, ita ma ta yi miki. Tawa sunanta Reshmi, 'yar garin Kannur, mai dantse kamar gwanda. Ta naɗe hannun riga ta ce, "Yi sauri, Sini, shayina zai huce." Na goga auduga, na soka, na ga fatar ta lotsa. Abin da na sake gani shi ne fankar rufin ɗaki, da Reshmi tsaye a kaina tana yi mini fifita da littafin kiran suna, sirinjin yana reto a dantsenta.

Sau uku ke nan yanzu. 'Yan aji har sun fara jawo katifa kusa in layi ya zo kaina.

Ka dai san gidanmu. In an haifi mace ba a tambayar me za ta zama, sai dai a wace ƙasa za ta yi aikin. Ammachi shekara ashirin da shida tana jinya, ƙannenta biyu suna Kuwait, yayata Chechi tana Delhi. Wa zan faɗa wa in ba kai ba? Na tuna ranar da masu rigakafi suka zo unguwarmu, ka ce akwai wata bishiya a can ƙarshen gona da ke bukatarka, ba ka dawo ba sai da motarsu ta tashi. Ashe gādo na yi.

Abin haushin kuma ina son aikin nan. Ina son in gyara wa tsohuwa matashi ta kama hannuna. Tsoro nake ji kada a kore ni, Appachan, tsoro sosai.

Ka gaida Ammachi, amma ka ce a mafarki ka ji gaisuwar.

'Yarka,
Sinimol

Mangalore,
15 ga Janairu, 1995

Appachan nawa,

Ina gaisuwa, da fatan ka shiga sabuwar shekara lafiya, kai da Ammachi da dukan gida. Na iso lafiya. Soyayyar ayabar da aka ƙunso mini ba ta kwana ba, Reshmi ta ce ladan dantsenta ne.

Na rubuto in yi maka godiyar da ban iya yi a gida ba. Ka dai tuna ranar Kirsimeti. Ana tashi daga coci Ammachi ta tsaya a bakin ƙofa tana shela cewa ƙaramar nas ta dawo, duk mai takardar allura daga likita ya zo gida. Washegari mutum goma sha ɗaya na ƙirga a barandarmu, har da mai buga ƙararrawar coci, wanda ba abin da ke damunsa, shi dai ya ce jikinsa ya kwana biyu bai ga allura ba. Ina tsaye sai ga ka da wuƙar tsaga biyu, kana ɗingishin da ya fi na kullum, kana ce wa Ammachi, "Aleyamma, ƙafar nan ta ƙi, yarinyar nan za ta riƙe mini gona har hutu ya ƙare." Ammachi ta yi wa mutanenta allura da kanta, tana harararmu.

Na ɗauka ɓoye ni kawai ka yi. Sai da muka yi kwana tara muna bin itatuwa da asuba na gane makaranta ka sa ni. Ka ce ido maƙaryaci ne a wannan aiki, babban yatsa ne ke sanin kaurin ɓawo. Ka ce a yanke siriri, a tsaya kafin a kai ga farin itacen, in ba haka ba tabo zai fito ya lalata bishiya. Kuma duk wadda ka zo wa sai ka dafa ta ka ce, "Tsaya cak, tsohuwa, kaɗan zan ɗiba, gobe ki huta." Tun ina yarinya nake yi maka dariyar wannan magana. Da na gwada ta, sai na ji numfashina ya daidaita. Ranar ƙarshe ka shafa inda na tsaga, ka dubi madarar robar tana gangarowa cikin ƙoƙon kwakwa, ka ce, "Ba tabo, mol, 'yata." Ban taɓa samun sakamakon jarrabawa da ya yi mini daɗi haka ba.

Yanzu ga labarin da ba daɗi. Sista Filomina ta kira ni ofis. Ta ce a watan Maris za a yi bikin kunna wa 'yan ajinmu fitila a sa musu hular nas, kuma ba ta sa hula a kan da ke yawan kaiwa ƙasa. Kafin nan za ta gwada ni sau ɗaya, ɗibar jini daga jijiya. "In kika faɗi, Sinimol, ki tashi da akwatinki."

Reshmi ta ce in ci gaba da koyo a jikinta, amma ta roƙe ni in riƙa zama a ƙasa tun da farko, don ta gaji da ɗaga ni.

Ka sa ni a addu'a. Ka shafa mini tsohuwar bishiyar nan ta bakin rafi.

Taka har kullum,
Sinimol

Mangalore,
12 ga Maris, 1995

Appachan,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya zafi, yaya ƙafa? Ka nemi benci a shagon Kunjumon ka zauna, don wannan ba labarin tsaye ba ne.

Ranar Alhamis aka yi gwajin. Na shiga na tarar da dukan 'yan aji a jere, ga tire, ga sirinji, amma ba majinyaci. Ina waige-waige sai Sista Filomina ta ja kujera ta zauna, ta naɗe hannun farar rigarta. Ta ce dama likita ya ce a auna sukarinta, kuma ba za ta ba ni bawan Allah in yi wasa da shi ba. "In kashe wani za ki yi, fara da ni, na riga na yi shirina."

Appachan, hannun nan nata kamar busasshen reshe, ba jijiya ko ɗaya da ido ke gani. Kunnuwana suka fara ƙara, na ji Reshmi tana jan katifa a bayana. Sai na ce wa kaina ba mutum ba ne, ɓawo ne. Na ɗaure dantsen, na sa yatsa ina lalube, har na ji wata 'yar jijiya tana motsi a ƙasa. Na dafa ta. Na soka. Jini ya hau sirinji a hankali, ni kuma ina tsaye da ƙafafuna.

Na zare, na danna auduga, na ɗaga kai ina jiran tafi. Reshmi ta cusa gefen mayafinta a baki, hawaye yana zuba. Ashe maganar da na ɗauka a zuci na yi, a fili na faɗe ta, da ƙarfi kuma, ina shafa hannun Sista Filomina: "Tsaya cak, tsohuwa, kaɗan zan ɗiba, gobe ki huta."

Matar da ko likitoci ba sa tambayar shekarunta.

Ta dube ni har na fara lissafin kayan da zan sa a akwati. Ta ce, "Wace ce tsohuwa?" Na ce bishiya ce, Sista. Ta ce, "Au, bishiya ce ni kuma." Dole na ba ta labarinka daga farko, har da masu rigakafi, ka yafe mini. Ta ɗaga audugar ta duba wurin, ta juya hannun a haske, ta ce shekara arba'in ana ɗibar jininta ba a taɓa samu da suka ɗaya ba sai yau. Sannan ta sa hannu a littafina, ta kuma ba ni wankin fo na ɗakin mata har wata guda, saboda rashin kunya.

Jiya aka kunna mana fitila. Da ta zo sa mini hula sai ta matso kunnena ta ce, "Gobe Lahadi, zan huta kamar yadda kika umarta." Ina jin na hango haƙori ɗaya.

Hoton yana zuwa gida da sunan Ammachi. In ta nuna maka, ka yi mamaki yadda ya kamata.

'Yarka mai hula,
Sinimol

Kottayam,
26 ga Yuli, 1998

Zuwa ga majinyacina mai taurin kai, Appachan,

Ina gaishe ka, ina kuma yi wa Allah godiya da ya tashi kafaɗunka. Yaya ƙarfin jiki? Kana shan kunun shinkafar, ko akuya kake ba wa? Kada ka kuskura ka shiga gona kafin sati uku, ina da masu kawo mini rahoto.

Wata biyar ke nan da fara aikina a asibitin nan, kuma maganarka ta riga ni yin suna. Tsofaffin ɗakin mata ba sa miƙa hannu sai na faɗe ta. Wata ma ta mayar da ni don na manta "gobe ki huta".

Chechi ta ce kana ba da labari a shago wai da kanka ka miƙa hannu kana murmushi. To zazzaɓi ya rufe ka a ranar, ba ka san abin da ya faru ba, bari in faɗa maka gaskiya.

An kawo ka da rana tsaka, jikinka ya bushe, likita ya ce a sa maka ƙarin ruwa nan take, in an yi jinkiri ƙodarka za ta tafi. Nas huɗu na gidanmu ne a kanka: Ammachi, Chechi, da ƙannen Ammachi biyu da suka zo hutu. Mutumin da aka shigo da shi a kan gadon ɗauka, yana ganin allura ya sami ƙarfin tashi, ya ɗaure zanensa, ya ce akwai bishiyar da ke jiransa. Mutum uku suka danne ka. Ammachi ta ture kowa ta ce mijinta ne, shekara talatin tana wannan aiki. Ta soka ba ta samu ba. Ta sake, ba ta samu ba. Appachan, ban taɓa ganin Ammachi ta rasa jijiya ba sai ranar. A nan ne tsoro ya kama ni na gaske, don na ga za mu iya rasa ka muna tsaye mu biyar da ilminmu.

Na ce su sake ka. Na zauna a bakin gadon, na ɗora hannunka a cinyata, hannun nan mai kanta da ƙanshin hayaƙin roba. Jijiyoyin duk sun kwanta. Na rufe bakin kowa, na bi da yatsa har na ji guda. Na ce, "Tsaya cak, tsoho, yau ba ɗiba zan yi ba, mayarwa zan yi." Ka daina fizge-fizge. Suka ɗaya, ruwa ya fara sauka.

Ina manna filasta sai na ji wani abu ya faɗi tim a bayana. Na ɗauka ƙarfen rataya ruwa ne. Ammachi ce, shame-shame a ƙasa, Chechi tana yi mata fifita da takardar likita. Da ta farfaɗo ta kama rigata ta ce in na faɗa wa wani, ko kai ne, ba ita ta haife ni ba. Na ce mata a gidanmu ba a taɓa jin nas ta suma ba.

Shi ya sa wannan ma ta shagon Kunjumon na aiko. Ka ajiye ta tare da sauran, yanzu ɗakin hayaƙin nan sirrin mutum biyu yake riƙe.

Saura abu ɗaya da ba ka tuna ba, ni kuma ba zan manta ba. Ana ta kan Ammachi, sai na ga ka ɗago ɗaya hannun, idonka a rufe, ka shafa gefen filastar da babban yatsa, a hankali, kamar yadda kake yi da asuba. Ka ce, "Ba tabo, mol." Na riƙe kaina har na kai ɗakin wankin fo, a can na yi kukana.

Ka sha maganinka. Ranar Asabar zan zo, kuma akwai allura ɗaya da ta rage. Kada ka wahalar da ƙafarka, na san duk bishiyoyin da kake ɓuya a bayansu.

'Yarka, kuma nas ɗinka,
Sista Sinimol