Shingen Bayan Filin Idi

Fatakwal.

Zuwa ga ƙanwata Barira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Ya haƙurin fari? Ni ina nan ina gadin ƙofar wasu, tunda noma ya kore ni.

Tasi'u direba ya kawo mini labari, wai kin ɓalle shingen ƙayar da na yi a bayan filin Idi, mata na shiga kamar kasuwa. Na san wurin na gari ne, ba nawa ba. Amma ni na roƙi Maigari a bar shi, ni na yi ta jan ruwa ina ba ɗorawa tun tana tsiro, ana ce mini manomin ciyawa. Duk don ƙudan zuma su sami fure. Ba na zargin mai jin yunwa. Ki dai gaya mini gaskiya: an sare itatuwan? In an sare, sai in daina mafarkin gida.

Yayanki,
Badaru.

Tofa.

Yaya Badaru,

Muna gaishe ka. Gero bai yi ba, sai godiya.

Tasi'u bai yi ƙarya ba, rabi dai ya kai maka, yadda ya saba yi da saƙo. Ni na buɗe shingen. Duk karkarar nan babu inda tafasa da yaɗiya suka rage sai cikin ciyawarka, ga yara na kwana da yunwa. Na ce a tsinki ganye, ban da tumɓuke saiwa, ban da mai fure.

Kwanan baya masu itace suka zo da gatari. Inna Hure, ita da ta laƙaba maka sunan nan na manomin ciyawa, ta zauna a gindin ɗorawar ta ce, "Ku fara da ni, na fi ta bushewa." Mata suka kewaye ta. Mutanen suka saɓa gatarinsu suka juya. Yanzu gadi muke yi bi da bi, ko reshe bai faɗi ba.

Amyar da ka rataya ta cika. Har ƙudan zuman sun harbi Inna a kunne, ta ce a gaya maka 'ya'yanka ba su da tarbiyya.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.
Barira.

Fatakwal.

Barira,

Ina gaisuwa. Na karanta, na kuma iya cin abinci. Kada ki mayar da ƙayar, ki sa ƙyaure kawai saboda awaki. Ki gaya wa Inna ban manta da sunan ba, amma zumar farko tata ce.

Sai na zo da damina, in Allah ya so.
Badaru.