Ba a Yi wa Bazawara Gaisuwa

Dutse, Litinin

Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, tunda kin kashe wayarki, na ba direban Haɗeja wannan takarda.

Labari ya iso mini cewa tun rasuwar Modu kin rufe rumfarki ta kasuwar kifi. An ce har garin Baturiya kika je, kika shiga gidan makoki kina kuka, sai da yayarsa ta ce miki, "Ke kuma a wa?" Yaya, mutumin nan ke da kanki kika nemi ya sake ki, yau shekara da shekaru. Yana da matarsa, ita ce ke takaba. Alhaji Yunusa mai neman aurenki ya kira ni, ya ce in har zuciyarki tana wurin mamaci a gaya masa tun wuri.

Don Allah ki rufa mana asiri, ki buɗe rumfa.

Ƙaninki,
Muttaka

Haɗeja, Laraba

Muttaka,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Mardiyya da yara.

Na karanta takardarka daga sama har ƙasa ina neman inda ka ce "ya haƙuri", ban gani ba. Na ce ko direba ne ya yar da shi a hanya.

Gaskiya ne, na je. Da yayarsa ta faɗi abin da ta faɗa, na ɗauko tabarmata na shimfiɗa a gindin tsamiyar ƙofar gida, na zauna har la'asar. Masu shiga suna kauce mini kamar na zo bin bashi. Wata tsohuwa ce kaɗai ta ajiye mini ruwa a moɗa, ta wuce. Allah ya saka mata.

Ka gaya wa Alhaji Yunusa ba a ɗaure masa ƙafa ba. Rumfa kuma tawa ce, ranar da na ga dama zan buɗe.

Yayarka,
Asabe

Dutse, Juma'a

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ba raini nake miki ba, amma kin san addini. Makoki kwana uku ne, in ba matar aure ba. Ke ba matarsa ba ce, ba 'yar'uwarsa ba, ba ɗa a tsakaninku. Wane suna za a ba wannan zaman naki? Mutane suna ta tambayata a masallaci. Jiya ma an ce wani ya fara zagaya rumfar yana tambaya ko kin bar sana'a.

Allah ya ba ki ikon yin haƙuri.

Muttaka

Haɗeja, Lahadi

Muttaka,

Na amsa sallama. Ka ce ba ɗa a tsakaninmu. Na daɗe ina kallon wurin nan a takardarka.

Kana makaranta a Kano shekarar da ruwa ya yanke hanya, don haka bari in tuna maka. Sunansa Safiyanu. Shekararsa huɗu. Zazzaɓi ya kama shi, Modu ya sa mu a kwale-kwale za mu asibiti, ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwa, yana sara da adda ina riƙe da yaron a cinyata. Kafin mu fita daga cikin ciyawar nan, yaron ya cika.

Ban bar Modu don ƙiyayya ba. Kogin ne na kasa kallo, shi kuma bai san wata rayuwa ba sai kogin. Ku duka kuka ce in yi haƙuri, zan sake haihuwa. Ban sake ba, kuma daga ranar babu wanda ya ƙara ambaton sunan yaron, har Inna.

Sai Modu. Duk ranar da ya kawo tarwaɗa kasuwa, zai tsaya daga bakin rumfata, mu gaisa kamar kowa. In zai tafi sai ya ce, "Asabe, da yanzu ya shiga sakandare." Wata shekarar ya ce, "Da yanzu ya fi ni tsawo." Bana da rani ya ce, "Da yanzu muna neman masa mata." Muka yi dariya, har na ce ba zan yarda da 'yar masunta ba.

Yanzu duk duniya ni kaɗai na san yadda yaron nan yake dariya. Mutum biyu aka binne mini ranar da Modu ya rasu, Muttaka. Ban saka kayan takaba ba, ban bar salla ba, ban ce Allah ya yi ba daidai ba. Hawaye ne, kuma nawa ne. In masu tambayarka a masallaci suna son suna, su ba shi wanda suka ga dama.

Kuma tunda kai ne masanin wanda ya halatta ya yi kuka, ka tambayi matarka. Bara da cikinta ya zube, ina wurin ka ce, "To ai ba a ga fuskarsa ba, sai haƙuri," ka tafi aiki. Ka taɓa tambayarta tun daga ranar?

Ka gaida gida.
Asabe

Dutse, Talata

Yaya,

Assalamu alaikum, Mardiyya ce. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Modu, ya haɗa shi da Safiyanu a Aljanna.

Malam ya karanta takardarki, ya miƙo mini, ya fita tsakar gida ya daɗe a tsaye. Da ya dawo ya tambaye ni zancen cikin da ya zube, sai na gaya masa. Mace ce, Yaya, ungozoma ta faɗa mini. Ni kaɗai na sa mata Adila a zuciyata.

Ina nan tafe a motar Alhamis. Ban nemi izini ba, faɗa masa na yi, shi kuma ya je ya kama mini kujerar gaba. Kada ki buɗe rumfa don ni, kada ki ɗora tukunya. Zama za mu yi.

Ƙanwarki,
Mardiyya