Baba da Takalmin Roba

Auta,

Mun dawo daga asibiti da Baba na tarar kin tafi niƙa, motar wurin aiki kuma ba ta jira.

Allah ya yi miki albarka. Ke ce kika lura yana shiga ɗaki da takalmin robarsa, mutumin da ko silifas ba a taka masa tabarma da shi. Ashe kwana uku ke nan da fartanya ta sare shi a yatsan ƙafa. Ya zuba ƙasa a ciwon, ya ɗaure da tsumma, ya yi gum don kada mu hana shi noma. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu, sai an yanke yatsan.

Ki yafe mini tsawar da na yi miki, da na ce kin cika sa ido. Sa idon nan ne ya ceci ƙafarsa.

Maganinsa na kan taga, sau uku a rana. Zai ce miki leƙa gona kawai zai yi ya dawo. Kada ki yi musu da shi. Takalmin ƙafar dama yana cikin jakata.

Yayanki