Motar Mijin Zuwairatu

Bismillahi. Ni ce Iyatu ta Yasore, uwar Tayyib da Maude da Zuwairatu. Malam Muntasir ke rubutawa, ni ban san baƙi ba. Ƙafafuna sun kumbura, tsoro nake ji, amma da hankalina, ban ruɗe ba. Malam, rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara.

Na ɗaya. Motar nan da ke kwance ƙofar gida, kaji na ƙwai a ciki, kada wanda ya taɓa ta. Shanuna na Tsaskiya na sayar kaf, gudun ɓarayin daji, na ce a sawo ma Tayyib motar haya ya riƙa jigilar Katsina. Mijin Zuwairatu, dillalin motoci, ya ce sabuwa ce fil daga kamfani, har da leda a kujeru. Damina ba ta fita ba ta mutu. Bakanike ya ɗaga kujera, sai ga busasshiyar laka. Ashe ruwa ya taɓa cinye ta a wani gari.

Na biyu. Surukina ne, ko sunanshi ba na faɗi. In ya zo gaisuwa sai in ja mayafi, ya aje mani goro ya tafi. Da kunyar nan ya cuce ni. Ina mutuwa kunya ta ƙare. Tayyib, ka kai shi gaban alƙali a Batsari, ya ɗauki motarshi ya maido kuɗin shanuna. Shinkafar da zai aiko ta sadakar uku, a mayar mashi.

Na uku. Maude, kai ka rantse mani motar lafiya lau, ka karɓi la'ada. Gonar fadama na ba Tayyib tun ina raye, Malam shaida ne. Kai ka ci la'adarka.

Na huɗu. Zuwairatu, kin sani kika yi shiru, kina yawo da shanuna a kunne, wai ɗan kunnen zinari. Kada ki wanke gawata, maƙwabciyata Suwaiba ta wanke ni. Ran da mijinki ya biya na yafe maki. In bai biya ba, mu haɗu can.

Kada a karanta wannan sai an rufe ni. Surukin nan nawa ke sayen maganina, in ya ji zai daina.

Allah Ya yi maku albarka, har ku biyun nan in kun gyara. Ku riƙe zumunci, kada ku watse. Tayyib, in ya saki ƙanwarka saboda wannan, ka buɗe mata ɗakina.