Waken da Kake Binnewa a Fadamar Tafoki

Zuwa ga mahaifina, Baba Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Lawal, ɗanka da ya tsaya a aji huɗu na firamare, wanda ka ce da ya kai aji biyar da ya koya wa kaza yin ƙwai.

Haƙuri na zo ba ka, kan fadamarmu.

Ka tuna gefen nan da ƙasa ke yin fari fat da rani, kamar an barbaɗa kanwa? Ruwan farko na sauka sai ka shuka wake a wurin. Ya yi kore shar, ya kusa fure, sai ka sa shanu su kife shi, ka jira ya ruɓe kafin a dasa shinkafa. Ni kuwa ina gefe ina ƙunƙuni: ga harawa ana binnewa, ga tumaki na kuka a gida. Kai dai sai ka ce, "Lawal, ita ma ƙasar tana da ciki."

Shekarar da ka rasu na nuna wayewata. Na yanke waken na kai wa tumaki, na sayo takin zamani a kasuwar Yankara na zazzaga son raina. Tumaki suka yi ɓul-ɓul. Shinkafa ta ƙone daga bakin ganye. Damina uku ina wannan gwaninta, gishiri na ƙara cin gona, har Yaya Sani ya ce in bana ma ta ƙi, a sayar wa masu buga bulo.

Har da giginyar da kake zama a gindinta kana raba mana fura, Baba. Da an sayar, da ita ma ta tafi.

Na sa wankakkiyar riga na je wurin malamin gona a Faskari. Ya ce in binne wake ɗanye, in buɗe magudana ruwa ya wanke gishirin, sannan in sa taki kaɗan-kaɗan. Wato na hau mota na je na jiyo maganarka, an yayyafa mata Turanci.

Bana na binne. Tumaki sun yi fushi da ni, na daure.

Jiya muka sheƙe shinkafar. Ba ta kai taka ba. Amma Yaya Sani ya ɗebi tsaba a tafinsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a ware ta irin baɗi.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sanyaya makwancinka, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Ɗanka mai taurin kai,
Lawal